Yadda Ake Kula da Zakin Dutse da Aka Ceto, Daga Ranar Karɓa Har Tsufansa

A ƙarshen watan Satumba na 2020, masu kashe gobarar daji a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka suka tsinci ɗan zakin dutse shi kaɗai cikin toka. Bai kai kilo 2 ba, tafin ƙafafunsa sun ƙone, gashin bakinsa ya babbake. Aka kai shi gidan zu na Oakland, likitoci suka shafe makonni suna wanke ƙunar suna naɗe ta, aka raɗa masa suna Captain Cal. Ya warke sarai. Amma daji ya rufe masa ƙofa, domin babu uwar da za ta koya masa farauta. A ƙarshe gidan zu na Columbus a jihar Ohio aka kai shi, tare da wasu marayu mata biyu.

Ranar ceto ita ce ake nunawa a talabijin. Wannan jagora kuwa magana take a kan shekarun da ke biyo bayanta, waɗanda kan kai 20, da abin da mai riƙon mafakar dabbobi zai yi a cikinsu.

Da farko, san wanda za ka riƙe

Zakin dutse, wanda ake kira fuma a Kudancin Amurka, yana zaune tun daga yankin Yukon na Kanada har ƙarshen tsaunukan Andes a Chile da Ajantina. Launinsa ɗaya ne, ruwan ƙasa mai ja-ja, babu zane babu ɗigo idan ya girma. Namiji kan kai kilo 50 zuwa 100, mace kilo 30 zuwa 60 da ɗoriya. Duk da sunan zaki, ba ya ruri. Abin da yake yi shi ne wannan ƙarar maƙogwaro da mage ke yi idan ta ji daɗi, kuma wannan ya yaudari mutane da yawa, suka ɗauka babbar kyanwa ce kawai.

Ƙarfinsa yana ƙafafun baya. Daga tsaye yana iya tashi sama kusan mita 5. Farautarsa ta kwanton ɓauna ce, daga baya yake zuwa ya kama wuya, kuma barewa ce babban abincinsa. Kirarin da Hausawa suka yi wa damisa, ƙi sabo, ya hau kansa daidai. A daji da wuya ya wuce shekara 13, a hannun masu kula kuwa yakan kai 20.

Waɗanda ke ƙarewa a mafaka iri uku ne: marayun da aka harbe uwarsu ko mota ta buge ta, waɗanda suka ji raunin da ba za su iya farauta ba, da waɗanda mutane suka saya suna ƙanana don sha'awa, da suka girma suka gagare su.

Mataki na ɗaya: kafin ka ce a kawo

Doka tukuna. A Amurka, bayan abin da ya faru a Zanesville ta jihar Ohio a watan Oktoba na 2011, inda wani mutum ya buɗe kejin namun dajin da yake ajiye a gonarsa, 'yan sanda suka harbe kusan 50 cikinsu har da zakunan dutse 3, an yi ta matsa lamba a gyara doka. A watan Disamba na 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar Big Cat Public Safety Act. Ta hana mutum ya mallaki zaki ko damisa ko zakin dutse a gida, ta kuma hana ba jama'a 'ya'yansu su riƙe don ɗaukar hoto. Waɗanda ke da su tun da can aka ba su zuwa 18 ga Yunin 2023 su yi rajista. Dabbar da aka tsinta a daji kuwa tana ƙarƙashin hukumar namun daji ta jiha, ita ke faɗin inda za a kai ta. Kada ka karɓi dabba ba takarda, komai tausayin da ta ba ka.

Sai sharuɗɗan da ke raba mafaka ta gaskiya da gidan kallo mai fakewa da sunan ceto. Ƙungiyar GFAS, wadda aka kafa a 2007 don tantance irin waɗannan wurare, ta tsaya a kan cewa ba a haifar da dabbobi, ba a saye ba a sayarwa, ba a barin baƙo ya taɓa. Ni ma nan na tsaya. Wanda ya biya kuɗi ya “fanshi” ɗan zakin dutse daga hannun mai kiwonsu don sayarwa, ya ba shi jarin haifar da wani ne.

Sannan ka zauna da alƙalami. Idan babba yana cin kusan kilo 2 na nama a rana, ya zama kilo 730 a shekara, fiye da tan 14 cikin shekara 20. Ba a sa kuɗin likita ba, ba a sa wutar firiza ba, ba a sa albashi da gyaran waya ba. Ka rubuta kuma wa zai ɗauki dabbobin idan ka mutu ko kuɗi suka ƙare, domin mafaku da dama sun rushe, aka koma ana neman wanda zai ceci waɗanda aka ceto. Idan lissafin bai fita ba, ka nema masa wani wurin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na biyu: gina wurin kafin dabbar ta iso

Ga zakin dutse, abin da ya fi aminci shi ne shinge mai rufin waya a sama. Masu barin sama a buɗe sukan ɗaga waya ta kai wajen mita 5, su lanƙwaso kanta ciki, su sare duk bishiyar da reshenta ya kusanci shingen. Wayar ta zama mai kauri, a binne gindinta cikin ƙasa ko a zuba kankare. Bayan wannan a sake kewaye harabar da shinge na biyu. Ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka ita ce ya kai ƙafa 8 a tsayi, da tazarar aƙalla ƙafa 3 daga na farko. Aikinsa biyu ne, ya tare dabbar idan ta kuɓuce, ya kuma hana yara da karnuka matsowa.

Zuciyar ginin ita ce ɗakin kulle. Ƙaramin ɗaki ne da ke haɗe da babban filin ta wata ƙofa mai zamewa, wadda ma'aikaci ke buɗewa da rufewa yana waje. A nan ake ba dabbar abinci kullum, har ta saba shiga da kanta. Idan ta shiga aka rufe, sai mutane su shiga fili su yi shara. Ƙofar mutane kuma ta zama biyu a jere da ɗan soro a tsakani, ba a buɗe ta biyun sai an kulle ta farkon.

A cikin filin, ƙasa da ciyawa sun fi siminti, domin siminti na cinye tafin ƙafa ya kuma gajiyar da gaɓoɓi. A sa dakali mai tsayi inda zai kwanta yana hangen ko'ina, a sa gungumen icce na wasa farata, inuwa, da ruwa mai tsabta. Abin da masu gini suka fi mantawa shi ne maɓoya. Dabbar da rayuwarta duka ɓuya ce, idan ka ajiye ta inda ko ta ina ana ganinta, ka sa ta cikin fargabar da ba ta yankewa. Wannan tunani ne ya sa mafakar Wild Animal Sanctuary da ke Kolorado ta gina wa masu ziyara doguwar gada a sama, don kada su tsaya ido da ido da dabbobin.

Mataki na uku: ɗauko shi da killace shi

Idan da hali, a ajiye akwatin ɗauka a wurinsa kwanaki kafin tafiya, ana sa abinci ciki, ya shiga da ƙafarsa. Idan dole sai an sa shi barci, wannan aikin likitan dabbobi ne shi kaɗai. Akan hana abinci tun daren jiya don kada ya yi amai ya shaƙe, a harba masa allura, yawanci haɗin ketamin da medetomidin, a rufe masa ido da ƙyalle, a rage hayaniya. Kada a kama hanya yana cikin barci. A jira ya farka cikin akwatin, kuma a lokacin zafi a yi tafiyar dare.

Da isowa, a killace shi aƙalla kwana 30 nesa da sauran, da tsintsiyarsa da bokitinsa da takalman ma'aikatansa daban, kuma shi za a yi wa hidima a ƙarshe kowace rana. A cikin wannan wata likita zai ɗebi jini ya duba ƙoda da hanta, ya gwada cututtukan dangin kyanwa masu karya garkuwar jiki da masu jawo sankarar jini, a duba kashi saboda tsutsar ciki fiye da sau ɗaya, a cire kaska da ƙuma, a yi rigakafin ciwon haukan kare da sauran cututtuka. A namun daji an fi son rigakafin da ƙwayar cutarsa matacciya ce.

Killacewa tana kare mutane ma. A 2007 wani masanin namun daji a gandun Grand Canyon da ke jihar Arizona ta Amurka ya rasu da annobar da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa, bayan ya feɗe gawar zakin dutse. Safar hannu da abin rufe hanci wajibi ne.

Wanda ya fito daga hannun mutumin da ya ajiye shi a gida, a ɗauki hoton ƙashin ƙafafunsa. Da yawa an cire musu farata, kuma cire farce a dangin kyanwa yana nufin datse ƙashin ƙarshe na kowane yatsa. Guntun da ya rage yakan ci gaba da tsiro cikin nama, dabbar ta riƙa taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ana iya yin tiyatar gyara, kuma irin wannan yana bukatar ƙasa mai laushi da dakali marar tsayi. A duba haƙora, domin wasu an goge musu fiƙa har jijiya ta bayyana.

Makonnin farko zai iya ƙin cin abinci, ya lafe a lungu yana huci. A bar shi. Mutum ɗaya ko biyu su riƙa zuwa, a lokaci guda kullum, da murya ƙasa-ƙasa.

Mataki na huɗu: abinci

A nan aka fi cutar da su, kuma galibi da kyakkyawar niyya. Mutum ya sayo tsokar nama zalla, mai kyau mai tsada, yana ganin ya gama gata. Tsoka tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Jikin ɗan da ke girma, da ya rasa kalsiyam a abinci, sai ya riƙa zaro shi daga ƙashinsa. Ƙafafu su gwame, ƙugu ya tsuke, wata rana ya diro daga kan kujera ƙashi ya karye. Irin waɗannan da yawa ke isowa mafaka, kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

A daji yana cin tsoka da hanta da zuciya da fata da ƙananan ƙasusuwa. To haka za a kwaikwaya. A riƙa ba shi dabba sukutum, kamar zomo, da naman shanu ko na doki ko barewa da ƙashinsa ɗanye. Idan tsoka ce kawai ta samu, a barbaɗa mata garin sinadaran da aka haɗa musamman don manyan dangin kyanwa, bisa awon likita. Jikinsu ba ya ƙera isasshen sinadarin torin, wanda rashinsa ke kawo makanta da ciwon zuciya, kuma ba ya iya fitar da bitamin A daga ganye ko karas. Hanta na ba da bitamin A, amma kaɗan-kaɗan, domin yawanta ma cuta ne. Dafaffen ƙashi kuwa ko kusa, yana tsagewa ya huda hanji.

Yawan abincin ya danganta da jiki da yanayi, a ƙara a lokacin sanyi, a rage a lokacin zafi. Ido ba mudu ba, ya san kima, amma a haɗa da sikeli da littafin rubuta nauyi. Ƙiba ta fi rama yawa a mafaka. Wasu wurare suna ware rana ɗaya a mako da ba a ba da komai sai babban ƙashi na gwaguya, wanda ke wanke haƙora.

Naman kyauta shi ne tarko. Manomi zai kira ya ce dokinsa ya mutu, a zo a ɗauka. Tambaya ta farko ita ce me ya kashe shi. Idan allurar likita ce, maganin fentobabital da aka kashe shi da shi yana nan cikin naman, kuma ya kashe manyan dabbobi a wurare da dama. Barewar da aka harba tana iya ɗauke da ɓarɓashin dalma. Tsuntsaye kuma sun zama abin tsoro, domin a ƙarshen 2024 murar tsuntsaye ta kashe dabbobi 20 a wata mafaka da ke Shelton ta jihar Washinton, cikinsu da zakunan dutse. Saboda haka a san asalin kowace kaza, a kuma hana tsuntsayen daji sauka kan abinci da ruwa.

A narkar da nama cikin firji, kada a shanya shi a rana. A kwashe saura kafin ya ruɓe, a leƙa ƙarƙashin ciyawa domin ɗabi'arsa ce ya binne abin da ya rage. Sauran nama na jawo ɓeraye, amma kada a sa guba. Wani sanannen zakin dutse na birnin Los Angeles da ake kira P-22, da aka kama shi a 2014 yana fama da ƙazuwa, an sami gubar ɓera a jininsa, daga abin da ya ci ta shige shi. A yi amfani da tarko. Wajen wanke ɗaki a guji maganin da ke da sinadarin finol, kuma kada wani ya kuskura ya ba shi farasitamol, yana kashe duk dangin kyanwa.

Mataki na biyar: ƙa'idar ƙofa

Ba a shiga wuri ɗaya da shi yana farke. Ko wanda ka shayar da kwalba, ko wanda ke goga kumatunsa a waya idan ya hango ka. A 2013 a jihar Oregon, wata ƙwararriyar ma'aikaciya da ta shafe shekaru tana wannan aiki ta rasa ranta a cikin shingen zakunan dutse, tana aiki ita kaɗai. Sabo turken wawa ne, kuma a wannan sana'a gwani ya fi sabon shiga haɗari, domin hannunsa na aiki ko hankalinsa na wani wuri.

Tsarin kullum shi ne mutum biyu. Ɗaya ya rufe ƙofar ɗakin kulle ya sa kwaɗo, ɗayan ya zo ya ja kwaɗon da hannunsa. A ƙirga dabbobin da ido, a faɗi adadin da baki, a sanar ta rediyon hannu, sannan a shiga. A kusa da waya ba a juya baya, ba a tsugunawa, ba a jingina. A ajiye barkonon fesawa da tukunyar kashe gobara kusa da kowace ƙofa. A rubuta abin da kowa zai yi idan dabba ta fita, a riƙa gwada shi, kuma 'yan sandan yankin su san tsarin tun kafin a bukace su. Haka ma shirin kwashe dabbobi idan gobarar daji ko guguwa ta taso.

Mataki na shida: idan jariri ne

'Ya'yan suna zuwa da ɗige-ɗige a jiki da shuɗayen idanu, sukan zauna da uwa shekara ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu. Uwar kan bar su a maɓoya ta tafi farauta ta daɗe, don haka ganin ɗa shi kaɗai ba ya nufin maraya ne. A kira hukuma, kada a ɗauka.

Wanda ya tabbata maraya, a ɗumama shi kafin a ba shi komai, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da madara. Madarar shanu na sa shi zawo, sai wadda aka haɗa don 'ya'yan kyanwa. A shayar da shi yana kwance rub da ciki, kada a rungume shi rigingine kamar jinjirin mutum, madara za ta shiga huhu. Bayan ya sha a shafa masa ƙarƙashin wutsiya da tsumma mai ɗumi don ya yi fitsari da kashi, aikin da uwa ke yi da harshe. Wajen mako shida a fara gabatar da nama. Idan akwai wani maraya tsaransa a haɗa su, ya fi masa kowane mutum amfani.

Tun ranar farko a yanke shawara ko zai koma daji. Wanda aka shayar da hannu ba zai koma ba, domin ya daina tsoron mutum, kuma zakin dutsen da ba ya tsoron mutum harsashi ke jiransa. Wanda aka samu da ɗan girma ana iya gwadawa. A Fulorida, inda adadinsu ya taɓa faɗuwa zuwa 20 ko 30 har aka kawo mata 8 daga Teksas a 1995 don sabunta jini, cibiyar White Oak tana riƙon marayu da masu rauni a manyan filaye inda ba sa ganin mutum, su koyi farauta, sannan a sake su da abin bibiya a wuya.

Mataki na bakwai: hana haihuwa da hana gundura

A dandaƙe maza, a yi wa mata tiyata ko dashen hana ɗaukar ciki bisa shawarar likita. Kowane ɗa da aka haifa a mafaka ya cinye gurbin wanda ke jira a waje.

An daɗe ana cewa zakin dutse ba ya hulɗa da ɗan'uwansa, amma binciken da aka buga a 2017 daga yankin Teton na jihar Wyoming ya nuna manya suna raba abin da suka kama. A mafaka wasu suna zama biyu lafiya. A fara da waya a tsakani na makonni, a ciyar da su daban-daban, kuma wanda ya nuna ba ya so a ƙyale shi.

Idan ka ga ya fitar da hanya a gindin waya yana kai da komo, ko yana tsotsar wutsiyarsa har gashi ya zube, zaman ya ishe shi. A riƙa sauya masa abubuwa, yau kwali da nama a ɓoye ciki, gobe kirfa ko turare a jikin gungume, jibi ƙanƙarar jini a ranar zafi, ko kabewa ya farfasa. A guji duk abin da zai iya haɗiya. Mafi amfani shi ne horo ta bayan waya, da guntun nama a kan dogon tsinke. A hankali yakan koyi buɗe baki, ɗaga ƙafa, hawa sikeli, har ya miƙo wutsiya a ɗebi jini ba tare da an sa shi barci ba.

Mataki na takwas: tsufa

Daga shekara 12 zuwa sama a ƙara sa ido. Ciwon ƙoda ya fi komai kama su. Alamunsa yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama da amai, kuma gwajin jini na nuna shi kafin ido ya gani. Dabbar daji tana ɓoye ciwo, shi ya sa littafin kullum ke da muhimmanci: me ya ci, yaya kashinsa, ya hau dakali ko bai hau ba. Ga mai amosanin gaɓoɓi a sauko da dakalin, a yi masa matakala, a shimfiɗa ciyawa mai kauri, a ɗumama ɗaki. Ga wanda haƙora suka zube a niƙa nama. Wanda ya makance kada a sauya wa kayan filinsa wuri, da ƙwaƙwalwa yake tafiya.

Tun yana da sauran ƙarfi, likita da masu kula su zauna su rubuta alamun da idan sun bayyana za a hutar da shi, kamar ƙin abinci kwanaki a jere duk da magani, ko kasa tashi ya bar wurin da ya yi fitsari. Idan ranar ta zo, a yi masa allurar barci a ɗakin da ya saba, mai ciyar da shi yana kusa yana masa magana, sai ya yi nisa a barci a yi ta ƙarshe. Bayan nan a binciki gawar, domin abin da aka gani a ƙodarsa ko hantarsa kan sa a gyara abincin waɗanda suka rage, sannan a ƙone ta ko a binne da zurfi yadda wata dabba ba za ta tono ta ci maganin ba.